Karen Da Ba Shi Da Mai Shi: Wa Zai Ɗauki Jinyarsa A Gwaram Da Birnin Kudu?

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Birnin Kudu ta gangara ƙasar Gwaram ya san irin karen da ake nufi. Shi ne wanda kan fito bayan kasuwa ta watse, a Sara ko a wata kasuwar ƙauye, yana shinshina inda mahauta suka yi fawa. Gashinsa ya zube, fatar ta yi kaushi ta tsattsage, daga nesa ma ana ƙirga haƙarƙarinsa, ƙudaje kuma sun cinye bakin kunnuwansa. In ya matso kusa da teburin mai shayi a watsa masa ruwan zafi, in ya bi lungu yara su raka shi da jifa. Ka tambayi kowa na wane ne, amsar ɗaya ce: ba shi da mai shi.

Amma ai ba daga sama ya faɗo ba. Wani kwikwiyo ne da yaro ya ɗauko da murna, uwa ta leƙo daga madafa ta ce, "Kai, fitar mini da shi tun babanku bai dawo ba," yaron ya kai shi kango yana satar masa tuwo, har sha'awar ta wuce. Wani karen farauta ne da ya karye ko tsufa ya cim masa, ya daina kamo ko da kurege, aka daina zuba masa dusa. Wani kuma ruga ce ta tashi ta bar shi saboda ba zai iya tafiyar ba. Galibinsu hannun mutum suka fara sani kafin su san bola.

A cikin mutanen karkara akwai 'yan ƙalilan da kan tsaya wa irin wannan dabba. Ba su da ƙungiya, ba su da suna, su kansu ba za su ce maka wani aiki suke yi ba. Mai lambu ne a fadama da yake son abin da zai kore masa biri da ɓarawo, ko mai gadin makaranta da dare ke yi wa tsawo, ko tsohon mafarauci da ya dubi ƙirar kare a ƙarƙashin ƙazuwar ya ce wannan in ya warke zai yi gudu. Su zuba masa ruwa a fasasshen kasko, gobe ya dawo, jibi ya kwana a wurin. Daga nan jinya ta hau kansu, kuma a nan ne ake yin daidai ko a yi kuskuren da zai iya cin rai.

A ƙasashen Turai da Amurka abin ya zama tsari mai ofis da takardu. A shekarar 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan ajiye ɓatattun karnuka da masu fama da yunwa a Landan, har aka yi mata ba'a a jarida cewa ga mutane na kwana da yunwa tana ta kare. A 1871 aka mayar da gidan unguwar Battersea, kuma yana aiki har yau. Irin waɗannan gidaje kan ba mutum riƙon kare mara lafiya na 'yan makonni ko watanni, su biya kuɗin magani, in ya murmure a nemo wanda zai ɗauke shi dindindin. Sau da yawa mai riƙon ne ke cewa ya fasa mayarwa. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, don shi ma yakan ba da akuya ko tunkiya kiwo ga wanda ke da hali da wuri, a yi yarjejeniya a kan abin da ta haifa. Bambancin kawai shi ne akuya tana da kasuwa, karen bola kuwa ba wanda ke hangen riba a jikinsa.

Abin da ke cikin littattafan zaure

Mafi yawan ƙyamar da ake yi wa kare a ƙasar Hausa da sunan addini ake yinta, don haka dole a fara daga nan. Gaskiya ne hadisi ya tabbata cewa mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da kare, kuma wanda ya ajiye kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba, ladansa na raguwa kullum. Ba mai jayayya da wannan. Sai dai hadisin da ya yi hanin shi ne kuma ya buɗe ƙofa uku, farauta da kiwo da noma, waɗanda su ne sana'o'in mutanen Gwaram da Fagam da Basirka tun kaka da kakanni. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, shi da yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki, malaman mazhabar sun ɗauke shi a matsayin bin umarni ne, ba don ruwan ya zama najasa ba.

Akwai ma labarin da masu sharhin Risala ke kawowa game da mai littafin kansa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya. An ce katangar gidansa ta faɗi a lokacin rashin tsaro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta hakan, ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, da abin da zai ajiye ya fi kare ban tsoro. Mutumin da ɓarayin shanu suka hana barci a yau ba ya buƙatar a yi masa dogon bayanin wannan amsa.

Sai hadisan jin ƙai, waɗanda kowane ɗan makarantar Islamiyya ya haddace amma ba kasafai ake tuna su ba idan an ɗaga dutse. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ciko huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai lallagen ƙishi, Allah ya gafarta masa. Sun ruwaito na matar banza daga Bani Isra'ila da ta yi kwatankwacin haka ita ma aka yafe mata, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Karen da ke cikin labarin farko ba na mutumin ba ne, ba ya yi masa gadi, ba ya yi masa farauta. A hanya ya gan shi. A ganina, limamin da zai ware huɗuba guda a kan wannan zai rage jifan kare a garinsa fiye da duk wata doka. Ba wanda ya ce a kwana da kare a ɗaki yadda Turawa ke yi. Gindin bishiya a bakin gona, ko rumfar kara a bayan garke, ta wadatar.

Ciwon da ke warkewa

Abin da ya fi ba mutane tsoro a jikin karen bola, wato zubewar gashi da ɓawon fata, shi ne kuma mafi sauƙin magani. Ƙazuwa ce, wasu ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani ke shiga fata. Iri biyu aka fi gani. Ɗaya tana da ƙaiƙayi mai tsanani, tana yaɗuwa daga kare zuwa kare, takan ma taɓa mutum ta sa masa ƙuraje na ɗan lokaci. Ɗayar ba ta cika yaɗuwa ba, tana tasowa ne a jikin ƙaramin kare ko wanda yunwa da wani ciwo suka raunana. Likitan dabbobi kan kankare fatar kaɗan ya duba a na'ura ya bambance su. Da magani irin su ivermectin a kan ƙa'ida, da wanka, da abinci, cikin 'yan makonni sai ka ga gashi ya fara tsirowa, karen da ake tsallakewa ya zama abin kallo.

Matsalar ita ce maganin gida. An saba shafa wa kare baƙin mai na inji, ko a yi masa wanka da fiya-fiya ko maganin feshin gona. Baƙin mai yana ƙona fatar da dama ta tsage, karen ya lashe ya shiga cikinsa. Fiya-fiya kuwa guba ce da ke ratsa fata, ta sa dalala da karkarwa, sau da yawa ta kashe karen kafin ta kashe ƙwarin, ta kuma cutar da wanda ya yi wankan da hannu. Shi kansa ivermectin ɗin da ake sayarwa don shanu da awaki, da nauyin dabba ake auna shi. Wanda ya zuƙo wa kwikwiyo irin abin da yake zuƙo wa bijimi zai ga makanta da tangaɗi, wani lokaci mutuwa. Haka magungunan ciwon jiki na mutane, irin su ibuprofen, kan huda cikin kare su lalata masa ƙoda. Tafiya wurin malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ta fi duk wannan araha.

Kaska ma ba ƙaramar abokiyar gaba ba ce, musamman da damina da kuma inda ake kwana kusa da shanu. Bayan jinin da take sha, tana sa wa kare cutar da ke farfasa jini. Alamarta ita ce kasala, zazzaɓi, dasashi ya yi fari fat, wani lokaci fitsari ya yi ja. Akwai kuma ƙudan da ke yin ƙwai a ƙasa mai damshin fitsari, tsutsarsa ta shiga fatar kwikwiyo ta yi kumburi kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya. Ana toshe ramin da man shafawa mai kauri, a matse tsutsar ta fito, a wanke wurin, a kuma sauya wa dabbar makwanci. Raunin bakin kunne da ƙuda ke ci yana son wankewa da man da ke korar ƙuda kullum, in ba haka ba kunnen zai yi ta guntulewa. Tsutsar ciki kuwa kusan kowane kwikwiyon bola yana da ita, shi ya sa za ka ga ciki ƙato, ƙafafu sirara. Wanda ya fi kisa cikin gaggawa shi ne amai da gudawar jini mai wari da ke kama 'yan kwikwiyo, wanda likitoci ke kira parvo. Wannan sai an haɗa da ƙarin ruwa, kuma yana da allurar rigakafi.

Wajen abinci, mai tausayi kan yi gaggawa. Karen da ya daɗe da yunwa ba a cika masa kwano a rana ɗaya, kaɗan-kaɗan ake ba shi, sau uku ko huɗu a yini. Sauran tuwo, jiƙaƙƙen ƙanzo, kunun dusa, kan kifi, dafaffen kayan ciki, duk suna yi. Abu ɗaya ne mahauta da makiyaya ya kamata su kiyaye ƙwarai: huhu ko hantar da aka ga ƙulli mai ruwa a cikinta, wadda aka saba jefa wa kare ɗanya. A cikin wannan ƙullin akwai tsutsar da ke girma a hanjin kare, ƙwanta ya fita a kashinsa, ya koma cikin tumaki da shanu ta ciyawa, ya kuma shiga mutum ta hannu ko ganye, ya yi masa irin wannan ƙulli a hanta bayan shekaru. A binne ta da zurfi ko a ƙona.

Wanda ba a taɓawa

Duk abin da aka faɗa a sama yana da iyaka, iyakar kuwa ita ce ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya. Kusan duka daga kare ake ɗauka, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, wato tsoron ruwa da firgita da ruɗewa, sai dai a yi ta addu'a, don da wuya ƙwarai a tashi.

Kowa ya san mahaukacin kare mai gudu yana cizon duk abin da ya tarar. Wanda ba a sani ba shi ne nau'i na biyu, kuma shi ne tarkon mai tausayi. Wannan karen ba ya faɗa. Yakan yi lamo a gefe, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na zuba, muryarsa ta canza, ƙafafun baya su fara shanyewa. Wanda ya gan shi zai rantse ƙashi ne ya maƙale masa a wuya, sai ya buɗe bakin ya zura hannu don ya taimaka. In akwai ƙwarzane a yatsansa, shi ke nan. Haka yake faruwa da makiyayi idan saniyar da kare ya ciza ta fara dalala da kuka ba ƙaƙƙautawa, ya sa hannu a maƙogwaronta yana neman abin da ya shaƙe ta. Karen da ba ka san tarihinsa ba, yana dalala ko halinsa ya juya haka kawai, ko na daji ne ya shigo gari ba tsoro, ba na jinya ba ne. A nisanta yara, a sanar da mai unguwa da malamin dabbobi.

In kuwa cizon ya riga ya faru, abu na farko ba ya buƙatar ko kwabo: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, ba tare da ɓata lokaci ba. Sai a nufi asibiti a ranar, mafi kusa, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko Dutse. A can za a yi allurar rigakafi. Kashi-kashi ake yinta, ranar farko da ta uku da ta bakwai, wani tsarin da ƙari daga baya, kuma mai rauni mai zurfi yana buƙatar wata allurar daban da ake yi a bakin raunin. Ƙona gashin karen a shafa, ko ɗaure wurin da ganye, ba ya tare ƙwayar cutar. Abin da ke yaudarar mutane shi ne raunin kan warke sarai, a manta, sai bayan wata biyu ko uku ciwon ya taso, wani lokaci cikin mako guda, wani lokaci har shekara.

Karen da ya yi cizon, in ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a ɗaure shi kwana 10 ana ba shi abinci ana kallo. In ya wuce kwanakin lafiya lau, to ba ya ɗauke da cutar a yawunsa a ranar cizon. Amma kada a jira kwana goman kafin a fara allura. In kuma an kashe shi, kansa ake kai wa ma'aikatan dabbobi su aika awo. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana wannan awon, ita ce kuma ke sarrafa allurar rigakafin karnuka a ƙasar nan. Wanda ya tsinci kare ya sani cewa kwana goma ba su wanke shi gaba ɗaya ba, tunda cutar kan yi watanni a ɓoye a jikinsa. A keɓe shi daga yara da sauran dabbobi, a yi masa allura, a ci gaba da sa ido. Kwikwiyo daga wata uku ake yi masa, a riƙa maimaitawa duk shekara. Allurar kuma sanyi take so. Wadda ta yini a rana a kan tebur a kasuwa ba abin dogaro ba ce.

Hanyar Dawaki da hanyar guba

Hanyoyi biyu aka saba bi don rabuwa da karen da ya zama kaya. Ta farko ita ce masu sayen kare da ke zagaya ƙauyukan Arewa da kejin ƙarfe a bayan babur. Da yawa daga abin da suka tara yana ƙarewa ne a kasuwar Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a jihar Filato, daga can a yi lodi zuwa Kudu, inda wasu ke cin naman. Gwaram na iyaka da jihar Bauchi, Bauchi na iyaka da Filato, tafiyar ba nisa. Risala ta ambaci hani a kan sayar da kare, tare da saɓanin malamai a kan wanda aka yarda a ajiye. Ko an bar batun fiƙihu, akwai na lafiya: karen da aka fi saurin sayarwa shi ne wanda ya fara ciwo ko ya fara cizo. An sha yin bincike a mayankar karnuka a Najeriya ana samun ƙwayar cutar hauka a ƙwaƙwalwar waɗanda aka yanka suna kamar lafiyayyu. Wanda ya sayar da irin wannan kare bai kashe wutar ba, ya tura ta gidan wani ne.

Ta biyu ita ce kisan kan mai uwa da wabi da akan yi duk lokacin da aka ciji yaro, da sanda ko da guba a cikin nama. Fushin abin fahimta ne, amma dabarar ba ta aiki. A 1910 hukumomin Istanbul sun kwashe dubun-dubatar karnukan birnin suka zube su a wani tsibiri mara ruwa suka mutu, kuma titunan birnin suka sake cika. Muddin bola da mayanka suna nan da abinci, wasu karnukan za su zo su maye gurbi, karya kuma cikin wata biyu take haihuwa. Gubar ba ta tambayar wanda aka yi wa allura da wanda ba a yi wa ba, ta kuma bi ta kan ungulu da kaji da kyanwa. Abin da ya yi aiki a duniya shi ne rigakafi. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, aka ɗore shekara bayan shekara, cutar na yankewa. Da haka Meziko ta kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2019 cewa ta kawar da mutuwar mutane ta hanyar cizon mahaukacin kare. Duniya ta sa wa kanta shekarar 2030 don kai wa ga haka a ko'ina, kuma kowace ranar 28 ga Satumba, ranar rasuwar Louis Pasteur, wanda ya fara yi wa mutum wannan allura a 1885, ana gangamin tunatarwa.

A nan ne mai lambun nan da mai gadin makaranta suke da muhimmancin da su kansu ba su sani ba. Ma'aikacin allura ba zai iya bin karen bola da gudu ba. Karen da ake yi wa allura shi ne wanda wani zai kira ya zo, ya riƙe shi. Duk karen da ya samu mai shi ya fita daga sahun masu yaɗa cuta ya shiga sahun masu tare ta, musamman in an haɗa da fiɗiya don rage haihuwar da ba wanda zai ɗauka.

Saura hukuma ta yi nata. Ƙananan hukumomin Gwaram da Birnin Kudu su ware ranar allurar karnuka kyauta sau ɗaya a shekara, bayan kaka, kafin mafarauta su shiga daji. A bi ta hannun sarakunan baka da ardo-ardo da masu unguwanni, don su suka san gidan da ke da kare da rugar da ke da biyar. A tabbatar akwai allurar mutane a asibitocin yankin a kan farashin da talaka zai iya, a koya wa 'yan firamare wankin minti 15. Kai kuma mai karatu, in akwai karen da ka saba zuba wa sauran tuwo a ƙofar gida ko a gona, naka ne ko ba ka ce ba. Ka nemi malamin dabbobi a yi masa allura a wannan shekarar.